Gari a Kan Dirkoki: Abin da Mutumin Gulma Zai Gani a Tafkin Nokwe

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowace tafiya ce ke buɗe shi ba. Matafiyi kan je wuri ya kalli abin mamaki, ya dawo da labari, alhali bai fahimci dalilin abin da ya gani ba. Irin haka ta fi faruwa ga masu ziyartar garuruwan da aka gina a kan ruwa, watau inda ɗakuna ke tsaye bisa dirkoki a tsakiyar tafki. Mafi shahara daga cikinsu a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake rubutawa Ganvié a taswirorin Faransanci, harshen Bahaushe kuwa ya fi sakewa da kiransa Ganbiye. Yana cikin tafkin Nokwe, arewa da Kwatano, a Jamhuriyar Benin.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda wannan gari yake, da dalilin kafa shi, da yadda ake zaman duniya a cikinsa. Za a yi haka ne ta idon matafiyin da ya taso daga Gulma, a ƙasar Argungu, domin Bakabe ba baƙon ruwa ba ne. Yana da fadama, yana da jirgi, yana da sarkanci, kuma kakanninsa sun san kwana a kan dirka. Saboda haka yana da ma'aunin da zai gwada abin da ya gani, wanda ɗan yawon buɗe ido daga Turai ba shi da shi.

2.0 Rudu: Ɗakin Kwana a Kan Dirka

Kafin matafiyi ya bar gida, ya kamata a tuna masa da abin da ke gidan. Gulma tana bakin fadamar gulbin Kabi, watau kwarin da ruwan Rima da na gulbin Sakkwato ke bi bayan sun haɗu, su ratsa ta Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara. Da damina ruwa kan malale wannan fadama, ya yi tsayi a watannin Agusta da Satumba, sa'an nan ya janye da kaka ya bar tafkuna da laka mai albarka. Inda ruwa ya kwanta kuwa sauro kan yi gida.

Maganin da mutanen wannan yanki suka samo tun da daɗewa shi ne rudu. Rudu ɗan ɗaki ne na ciyawa da ake ɗorawa bisa dogayen dirkoki, a hau shi da dare, a rufe ƙofa a kwana. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga rudu a tafiyarsa ta 1853 a ƙasashen Zamfara da Kabi. Ya bayyana shi da cewa rufin ciyawa ne bisa dirkoki huɗu masu tsawon ƙafa 8 zuwa 10, ana shiga ta ƙarƙashinsa, kuma an yi shi ne domin tsira daga sauron fadamun Kabi.

Ke nan dabarar ɗaga ɗaki sama da ƙasa ba sabon abu ba ce ga Bakabe. Sai dai rudu makwanci ne kawai, a cikin gidan da ke kan tudu. Da gari ya waye mai shi kan sauko ya taka ƙasa, ya nufi gona ko gulbi. Abin da zai tarar a Nokwe shi ne mutanen da suka ɗaga gari sukutum, da kasuwarsa da makwantansa, suka ɗora bisa ruwa.

3.0 Hanya

Hanyar da ke kai mutumin Gulma can tsohuwa ce. Fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe suna bi ta ƙasar Kabi, su ƙetare Kwara ta wajen Ilo ko Gaya, su ratsa Borgu zuwa Jugu da Salaga. Matafiyin zamani kan bi ta Argungu da Birnin Kabi zuwa Kamba, ya shiga Gaya a Nijar, ya hau gadar Kwara zuwa Malanbil. An rufe wannan gada bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, abin da ya tilasta wa mutane da yawa komawa ga jiragen fito. Akwai kuma mashigai daga ƙasar Bagudo kai tsaye zuwa Benin, kamar na Lolo da na Tsamiya.

Daga Malanbil titi ya miƙe kudu ta Kandi da Faraku da Bohikon. Mai lura zai ga ƙasa tana sauyawa, daga dajin kaɗanya da ɗorawa zuwa kurmin kwakwar manja. A kowane babban gari zai sami zango inda ake jin Hausa, har Kwatano, inda unguwar Zango da kasuwar Dantokpa ke cike da 'yan kasuwar arewa. Kafin a shiga Kwatano akwai garin Abome-Kalabi, a gaɓar tafkin ta yamma. A nan mashigin jiragen Ganbiye yake. Tafiyar kimanin kilomita 8 ce a kan ruwa, a kwalekwale mai inji ko mai filafili da tanti na iska.

4.0 Asalin Garin

Mazauna Ganbiye su ne Tofinu, sunan da ake fassarawa da mutanen ruwa. Wani masani mai suna Georges Bourgoignie ya wallafa littafi a kansu da Faransanci a 1972, wanda har yanzu ake komawa gare shi. Tarihin baka ya nuna cewa kakanninsu sun shiga tafkin ne tsakanin ƙarni na 17 da na 18, lokacin da cinikin bayi ya yi tsanani a wannan gaɓar teku. A zamanin ne daular Dahomi ta ƙabilar Fon ta faɗaɗa zuwa kudu. Sarkinta Agaja ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, ya mallaki hanyar kai bayi ga jiragen Turawa. Ƙananan al'ummu da ke tsakani suka zama abin farauta.

Tofinu kan ce wani hani na addini ya sa mayaƙan Dahomi ba sa bin abokan gaba cikin ruwa. Ko da an ajiye batun hani gefe guda, dalili na zahiri a bayyane yake. Rundunar da ta saba da yaƙi a tudu ba ta da ta cewa a cikin fadama da tafki, inda mai gida ya san kowace kwana da kowane zurfi. Sunan garin kansa ana fassara shi da ma'anar jama'ar da ta tsira.

A nan ne Bakabe zai fara jin cewa labarin ya yi kama da nasa. Bayan da rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi a 1805, sarautar Kabi ta koma Argungu. Daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tuta, har zuwan Turawa, Kabawa sun tsaya da ƙafafunsu tsakanin Sakkwato da Gwandu. Jarumtaka ta taimaka, ganuwa ta taimaka, amma fadama ma ta yi nata aiki, domin doki ba ya sukuwa a cikin laka, kuma da damina sai mai jirgi ke iya kaiwa ga wasu garuruwa. Ruwa ya zama ganuwa ga Tofinu kamar yadda ya zama ga Kabawa. Bambancin shi ne su Tofinu sun shige cikin ganuwar tasu sun zauna.

5.0 Gini da Zaman Yau da Kullum

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne rashin zurfin tafkin. A yawancin wurare bai wuce mita 1 zuwa 2 ba, har masunci kan sauka daga jirgi ya tsaya da ƙafarsa yana aiki. Faɗinsa da rani kimanin murabba'in kilomita 150 ne, yakan ninka idan kogunan Weme da So suka kawo ruwa. Wannan rashin zurfi shi ne asirin ginin. Ana kafa dirkoki na itace mai jure ruwa a cikin lakar ƙasa, a ɗaure tsani a kansu, a shimfiɗa daɓe na itace sama da iyakar da ruwa ke kaiwa lokacin cika. Bango na gora ne ko tukurwa ko katako, rufi kuwa ciyawa ce a da, yanzu kwano ya yawaita. Dirkar da ke cikin ruwa ba ta dawwama, saboda haka gyaran gida aiki ne da ba ya ƙarewa. Masu hali sun fara kafa ginshiƙan siminti.

Mutanen garin sun haura 20,000. Babu titi, sai hanyoyin ruwa tsakanin gidaje. Abin da jaki da keke da babur suke a Gulma, shi ne kwalekwale a Ganbiye. Maigida yana da nasa na su, uwargida tana da nata na kasuwa, yara kuma kan koyi tuƙi tun suna ƙanana. Kasuwa a kan ruwa take ci. Mata kan jera jiragensu cike da garin rogo da masara da tumatir da barkono da itacen girki, mai saye ya matso da nasa jirgin a yi ciniki.

Wani abin lura shi ne cewa garin da ke tsakiyar ruwa yana fama da neman ruwan sha. Ruwan tafkin yana da gishiri a wani ɓangare na shekara, kuma a cikinsa ƙazantar gari ke zuba. Don haka ake ganin jerin jirage ɗauke da jarkoki da ganguna a wuraren da aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Har ila yau, ɗan Adam bai iya rabuwa da ƙasa ɗungum. Tofinu kan yi jigilar ƙasa a jirgi, su tara ta har ta zama ɗan gungu. A irin waɗannan gungaye ake gina makaranta da wuraren ibada, a ajiye dabbobi, kuma a nan yaro kan sami filin da zai koyi tafiya. A garin akwai masu addinin gargajiya na bodun, akwai Kirista, akwai Musulmi da masallacinsu.

6.0 Akaja: Noman Kifi

Abin da zai fi jan hankalin Basarke shi ne wasu shingaye na rassan itace da ganyen kwakwa da zai gani sun mamaye fuskar tafkin kamar gonaki. Sunansu akaja. Masunci kan sayo rassa daga tudu, ya kakkafa su a cikin laka a wani fili da aka san nasa ne. Rassan kan ruɓe sannu a hankali, gansakuka da ƙananan halittu su tsiro a jikinsu. Kifi, musamman karfasa, kan taru a wurin domin abinci da mafaka, ya hayayyafa. Bayan watanni sai a kewaye wurin da raga, a tuge rassan, a kwashe kifin. Mata su ne ke saye, su ƙyafe ko su kai ɗanye Abome-Kalabi da Dantokpa.

Ma'anar wannan ita ce Batofine ya mai da ruwa gona. Yana da iyaka, ana gadonsa, ana rigima a kansa, ana zuba masa jari kafin a girbe. Masuncin Kabi kuwa ya fi dogara ga sanin halin kifi da lokacin ruwa. Yana da homa da gora, da taru, da birgi, da mamari, da gura, kowane da wurinsa da lokacinsa. Amma tunanin barin kifi ya huta kafin a kama shi ba baƙo ba ne a Kabi. Sarkin Ruwa da sauran shugabannin sarkanci ke da ikon hana su a wani yanki na gulbi har sai ranar da aka buɗe shi. A kan wannan ƙa'ida ce sun Matan Fada ya ginu, wanda ya zama babban biki tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934. Can ana tara kifi da rassa, nan ana tara shi da doka.

7.0 Me Ya Sa Kabawa Ba Su Gina Irinsa Ba?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata mai nazari ya yi, tun da an ga cewa dabarar dirka tana nan, dalilin tsaro ma ya taɓa kasancewa. Ana iya kawo dalilai huɗu.

Na farko, halin ruwa. Nokwe tafki ne kwantacce da ba ya ƙafewa, ba shi da zurfi, ba shi da igiya mai ƙarfi. Ruwan fadamar Kabi kuwa baƙo ne mai zuwa da komawa. Gidan da aka ɗora bisa dirka domin watanni uku na ambaliya zai tsaya a kan busasshiyar ƙasa sauran shekara.

Na biyu, samuwar tudu. Gefen kwarin Rima yana da tuddai da jigawa kusa da ruwa, kuma a cikin fadamar kanta akwai gungaye. Wanda ya sami tudu a bakin gulbi ba ya bukatar kafa dirka a cikinsa. Shi ya sa garuruwan Kabi suka jeru a gefen fadama, masunta kuma suka wadatu da tunga, watau matsugunin da ake kafawa a bar shi idan ruwa ko kifi ya sauya wuri.

Na uku, kayan gini. Kudancin Benin yana da itace da tukurwa da gora a yalwace. Ƙasar Kabi kuwa arzikinta yumɓu ne da kara da ciyawa, dogon itace mai jure ruwa yana da tsada. Itacen da zai ishi rudu ba zai ishi gari ba.

Na huɗu, sana'a. Bakabe manomi ne kafin komai. Shinkafarsa ta gargajiya, irin ta Afirka, tana tsawo tare da ruwa, a girbe ta bayan ya janye. Gero da dawa suna tudu, shanun Fulani kuma suna jiran burugun fadama da rani. Mai irin wannan tattali yana bukatar rumbu da masussuka da turke, dukkansu a kan ƙasa. Batofine ya sayar da kifi ya sayi hatsi, Bakabe ya haɗa su biyun a gida ɗaya.

Waɗannan sharuɗɗa ne suka sa ake samun garuruwan dirka a gaɓar teku, kamar Makoko a Legas, inda Egun ke da yawa, da Nzulezo a yammacin Gana.

8.0 Ladubban Baƙo

Baƙo ko da idonsa makaho ne, in ji masu iya magana. Ganbiye ta daɗe da zama wurin yawon buɗe ido, kuma tun 1996 Benin ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Wannan ya kawo kuɗi, ya kuma kawo damuwa. Garin da ba shi da katanga ba shi da zaure. Jirgin baƙo kan ratsa ta ƙofar ɗakin mutane, inda mace ke wanka wa ɗanta ko tana girki. Shi ya sa matan garin da yawa kan juya baya ko su rufe fuska da malfa idan aka ɗaga na'urar ɗaukar hoto.

Bahaushe ya san maganin wannan tun daga gida. Ba a shiga gidan mutum sai da sallama, ba a wuce zaure sai da izni. Abin da ya dace shi ne matafiyi ya ɗauki ɗan jagora daga mutanen garin, ya nemi yarda kafin hoto, ya sayi abin da zai saya a hannun masu shi, kada kuma ya riƙa jefa wa yara kuɗi daga jirgi. Mutanen Argungu sun san ɗacin wannan da daɗinsa, domin su ma duk lokacin biki dubban baƙi kan zo kallonsu. Wanda aka taɓa kallo ya fi kowa sanin yadda ake kallon wani da mutunci.

9.0 Ruwa Yana Sauyawa, Harshe Yana Bin Sa

Zaman da aka gina a kan ruwa yana hannun duk wanda ya taɓa ruwan. A 1885 Faransawa suka haƙa mashigi a Kwatano wanda ya haɗa Nokwe da teku. Ruwan gishiri ya riƙa shigowa, nau'o'in kifi suka sauya. Bayan gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a farkon shekarun 1960, gishirin ya ƙaru, wata tsutsar teku mai cin itace ta yi wa akaja ɓarna. Daga baya kuma wata irin kainuwa, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta riƙa toshe hanyoyin jirage idan ruwan daɗi ya yi yawa. Yawan akaja kansa yana ƙara cike tafkin da ruɓaɓɓen itace, yana kuma cinye dazuzzukan da ke kewaye.

Kwarin Rima ya ga irin nasa. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Binciken da W. M. Adams ya wallafa a 1985 ya nuna cewa raguwar ambaliya a ƙasan Bakolori ta rage noman shinkafa da kamun kifi. A wasu shekarun kuma ruwan kan zo fiye da kima, kamar 2010 da 2020, ya cinye gonaki da gidaje. Can kudu, tafkin Kainji da ya cika a 1968 ya tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawan Yawuri da suka bar gungayen kakanninsu.

Ga mai nazarin harshe, hasarar ba ta tsaya ga kifi da shinkafa ba. Kowace sana'a rumbun kalmomi ce. Yaɗuwar gidan sauro ta rage bukatar rudu, inji yana maye gurbin filafili da gwangwala, ragar roba ta kanti tana korar wadda ake saƙawa a gida. Idan abu ya fita daga hannu, sunansa kan daɗe kaɗan a bakin tsofaffi, sa'an nan ya bi shi. UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma biki na 'yan kwanaki ba zai iya riƙe kalmomin da aikin kullum ya saki ba.

10.0 Kammalawa

An ga cewa Ganbiye amsa ce da wata al'umma ta bayar ga tsoron bauta, a wurin da ruwa da itace suka ba da dama. An kuma ga cewa Kabawa sun fuskanci tambaya mai kama da wannan, suka amsa ta da rudu da tunga da gari a bakin fadama, gwargwadon halin gulbinsu. Matafiyin da ya je Nokwe da wannan fahimta zai dawo yana ganin fadamar Gulma da sabon ido.

Aikin da ya rage na malamai ne da ɗaliban manyan digiri. Akwai bukatar a zauna da tsofaffin Sarkawa a Gulma da Argungu da tungayen da ke tsakaninsu, a tattara sunayen sassan jirgi, da na kayan su, da na kifaye, da na matakan cikar ruwa da janyewarsa, a rubuta su da karin harshen masu su. Haka kuma ya kamata a nemi waɗanda suka taɓa kafa rudu, a ji yadda ake zaɓen dirka da yadda ake ɗaura ta, tun suna da ran bayyanawa.